Ɗaliba a Bayan Ƙofar Zaure

Ni mutumin Sabon Birni ne. Can aka binne cibiyata, can kuma aka yi mani tsagar da ke fuskata. Amma aikin koyarwa ba ya barin mutum inda aka haife shi. Na koyar a Isa, na riƙe makaranta a Bafarawa, daga bisani aka kawo ni Tozai, inda na ajiye alli, na gina gidan da nake ciki yau. Har yanzu mutanen garin Hedimasta suke ce mani, ko da yake waɗanda na koya wa baƙi da wasali sun fara furfura.

A zamanin da aka horar da mu, ladabin aji shi ake fara koya kafin lissafi. In malami ya shigo, a miƙe tsaye. In ya kira sunanka, ka amsa tun kiran farko. A kan wannan aka gina ni, a kansa kuma na gina duk yaron da ya ratsa hannuna. Ban taɓa zaton za a wayi gari in ga wannan ladabi ya yi karo da wani ladabin da ya girme shi ba, kuma a cikin zaurena.

A shekarar da nake magana, damina ta yi mana rowa. Ruwan shuka ya sauka a kan kari, muka shuka, gero ya tashi har ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Hadari yakan haɗu ta gabas, mu fito muna dubansa, iska ta zo ta watsa shi. Gero ya bushe a tsaye, dawa ta ƙi fitar da kai, gulbi ya koma rairayi tun kafin lokacinsa, aka ƙara wa guga igiya. Makiyaya suka wuce kudu da wuri, shanunsu ƙashi da fata. Na ga farin da ya fi wannan tsanani ina saurayi, saboda haka ban firgita ba. Amma na san abin da ke biyo bayan fari, na kuma san cewa a jikin ƙananan yara yake fara bayyana.

Ɗana da ke zaune tare da ni ya bi fatake masu kai kaya tsakanin kasuwanninmu da Nijar, tun da gona ba ta bar masa abin yi ba. Ya bar matarsa da 'ya'yanta a hannuna. Ita 'yar Isa ce, ta gama sakandare kafin aure, mai natsuwa, mai irin kunyar da iyayenmu ke yabo. Tun da aka kawo ta gidan ban taɓa jin muryarta ta wuce gaisuwa ba, gaisuwar ma daga bayan ƙofa, a durƙushe, ƙasa-ƙasa. Abin da take so in sani, mai ɗakina Hajiya take faɗa wa, Hajiya ta kawo mani. Abin da nake so ta sani, ta hanyar nan yake komawa. Haka ake zama tsakanin mutum da matar ɗansa a ƙasarmu, kuma ban taɓa ganin aibin hakan ba.

Ta bakin Hajiya na ji cewa wata cibiyar horon ma'aikatan lafiya ta buɗe kwas ta intanet, don mata masu takardar sakandare. Za a koya musu gane tamowa a jikin yara, da yadda ake yi wa uwaye bayani. Wadda ta gama za a ɗauke ta aiki a ƙaramin asibitin garinmu, wanda a lokacin babu mace ko ɗaya a cikin ma'aikatansa. Matar ɗana ta nema, an ba ta gurbi, mijinta ya amince ta waya, saura ni. Na ce wa Hajiya ta gaya mata na sa albarka, kuma a shekara irin wagga babu karatun da ya fi wannan dacewa.

Kafin a fara darasi malamar kwas ɗin ta aiko da ƙa'idojin ajinta da Turanci. Hajiya ta kawo mani wayar in duba. Na sa tabarau na karanta a tsanake, kuma gaskiya na sami kaina ina gyaɗa kai. A shiga aji kafin malama. A yi gaisuwa a taƙaice, domin lokacin na kowa ne. Wadda ba ita ke magana ba ta rufe makirufonta, kada kukan akuyar gidanta ya zama darasin mutane. Mai tambaya ta danna alamar ɗaga hannu ta jira. Kada a kira malama kai tsaye sai an rubuta an nemi lokaci. Wadda aka kira kuwa ta amsa da bakinta.

Hajiya tana tsugune tana sauraren fassarata. Da na kai ƙarshe ta ce, “To, Malam, in ɗaliba ta yi surutu, da mi malamar za ta buge ta, tana can wata uwa duniya?”

Na ce, “Ba a bugu. Akwai wani ɗan maɓalli a wajenta, in ta taɓa shi sai bakin mai surutu ya rufe.”

Sai ta ce, “In ka aika Isa ranar kasuwa a tambayo mani ko ana sayar da shi daban. Akwai wanda nake son in taɓa wa.”

Na miƙa mata wayar. Shekarun zama sun koya mani irin maganar da ake bari ta wuce.

Matsalar da ba mu hango ba ita ce sabis. Gidana a gangare yake, zaure ne kaɗai ke kan tudu. A tsakar gida waya ba ta kama kome. A zauren ma sai jikin tagar gabas, da daidai ƙofar ciki da ke fuskantarta. Sauran wuraren da ake samun sabis a garin, bakin kasuwa ne da tashar babura, inda matar aure ba za ta je ta tsaya ba. Darasin kuwa bayan la'asar ake yi, lokacin da nake zaune a kan buzuna a zaure tun da na bar aiki. A shekarar fari zaman ya ƙara nauyi, domin mutane ba su da gonar zuwa. Wani ya zo neman shawara kan sayar da bisashe, wani ya zo a karanta masa sanarwar ƙaramar hukuma, wani ya zo kawai don kada ya zauna gida yana kallon rumbu.

Ranar darasin farko na ga gefen mayafi a bayan ƙofar ciki, da hannu riƙe da waya an ɗan miƙo shi. Na san ko wace ce, ta san na sani. Ban duba wajen ba, ita ma ba ta motsa ba. Ta rage sautin wayar har sai wanda ya kasa kunne zai ji, ni kuwa kunnen tsohon malami gare ni, ba ya iya jin ana darasi ya ƙi saurare. Malamar da Hausa take koyarwa, tana sirkawa da Turanci. Ta iya aikinta. Takan faɗi abu, ta ba da misali, ta tambaya.

A wajen tambayar ne abin ya ɓaci. Tana kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kowace ta buɗe ta amsa, har ta zo kan sunan matar ɗana. Shiru. Ta sake kira.

“Ina ganin alamarki, kina cikin aji. Buɗe makirufo ki ba ni amsa.”

Mayafin nan bai ko girgiza ba. Can sai na ji ƙarar yatsa a kan waya, tana rubutu. Malamar ta ce, “Na ga abin da kika rubuta, kuma daidai ne. Amma uwar da za ta kawo miki ɗanta ba rubutu za ta karanta ba. Muryarki nake so.”

Haka aka yi ta yi, darasi bayan darasi. A kira ta, ta yi shiru, ta rubuta amsa, amsar ta zama daidai. Ni na san dalili. Tazarar da ke tsakanina da ita ba ta wuce tsawon tabarma ba, kuma ba za ta ɗaga murya a gaban uban mijinta ba ko da sama za ta faɗo. Malamar kuwa ba ta ganin kome sai suna a kan gilashi.

Wata rana haƙurin malamar ya ƙare. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowace kalma ta fito da nauyinta. Ta ce ɗalibar da malami ya kira ta yi shiru, ko dai ta raina malamin ko ta raina aikin. Ta ce jarrabawar baka ta kusa, kuma wadda ba ta yi magana ba za a cire sunanta a ba wata, domin akwai mata da yawa da suka nema ba su samu ba.

Na daɗe a zaune bayan an tashi. Da ni ne a gaban ajin nan, abin da za ni faɗa ke nan, ba ragi ba ƙari. Da kuma ɗiyata ce a gidan mijinta, abin da matar ɗana ta yi shi nake so ta yi. Su biyun babu mai laifi, amma in aka bar abin haka yarinyar za ta rasa gurbinta, kuma za ta rasa shi da sunan mai raini, ita da ba ta taɓa wuce babba a tsaye ba.

Abin da ya fara zo mani shi ne in ba ta wuri. Ranar darasi na gaba, da aka sallame la'asar, ban koma gida ba, na zarce wajen wani tsohon abokina, Alhaji, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana fatauci zuwa Maraɗi. Sai gab da magariba na dawo, ina jin na yi dabara. Hajiya ta tare ni tun a bakin ƙofa.

“Yau ko kusa da ƙofar ba ta tsaya ba,” in ji ta. “Ta leƙo ta ga buzunka ba kowa, ta koma ɗaki. Ta ce in karatunta ya kai ga tada Baba daga zaurensa, ta haƙura da karatun.”

Na ce ai ziyara na je.

“Kai da ba ka barin zauren nan bayan la'asar sai an yi rasuwa? Wayon nan naka ko 'yan aji ɗaya ba za shi ci ba.”

Washegari Alhaji ya zo zaure, na ba shi labari. Shi mutum ne mai yanke magana kamar yana cinikin kan iyaka. Ya ce, “Hedimasta, kai ma da son wahala. Gidanka ne. Kira ta ka ce ta yi magana, ta ce dakor irin na 'yan Maraɗi, wato to, an gama.”

Na ce masa in na umarce ta za ta bi, wannan babu shakka. Amma za ta yi maganar murya na rawa, ta faɗi jarrabawar, ta kuma ɗauki nauyin abin a ranta har tsufa. Bayan haka masu zama a zauren nan suna da kunne, suna da mata a gida. Kafin mako ya zagayo za a ce matar ɗan Hedimasta tana zuba zance a gabansa. Uwayen da za su faɗi haka su ne kuma za ta yi wa aiki gobe.

“To, sai ka sayo mata wani surukin,” in ji Alhaji.

Na yanke shawarar in ga malamar. Amma ban yarda in karya ƙa'idar ajinta don ina da furfura ba. Na sa Hajiya ta gaya wa yarinyar ta rubuta cewa mahaifin mijinta yana neman izinin magana, a duk lokacin da ya yi wa malama daidai. Amsa ta zo cewa washegari da hantsi, kuma ta bidiyo. Da safiyar ranar na sa aka fito mani da farar babbar rigata, na ɗora hula.

Hajiya ta ce, “Waya ce fa. Iyakarta wuyanka.”

Na ce, “Malami za ni gani.”

Matar ɗana ta haɗa kiran ta miƙa wa Hajiya, ta koma can cikin gida. Sai ga fuskar wata mata mai matsakaitan shekaru, da tabarau. Na yi mata sallama, na taƙaita gaisuwa kamar yadda ta shar'anta, ko da yake harshena ya so ya tambayi gida da gajiya da iyali. Ta amsa da ladabi. Sa'an nan ta ɗan matso tana dubana.

“Baba, juyo da kumatunka in gani. Wannan tsagar ba ta Gobir ba ce?”

Na ce ita ce.

“Ashe bawana ne ya nemi ganina. Shi ya sa aka sha babbar riga.”

Nan na gane Bayarabiya ce. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa shi ne ubangijin ɗan'uwansa, kuma ba a fushi. Na gyara zama. Na ce, “Tun da na ga ƙa'idojin ajinki sun yi tsari na san a gidan iyayengijinki kika koyo. Amma ki gaya wa mutanenki bana ba mu ga gaisuwa ba. Ruwan nan da ya yi muku yawa muke jira ku aiko.”

Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce a arewa aka haife ta, ta sha furar Gobirawa, kuma har yau ba ta ga abin da ake yi wa fahari ba. Daga nan fuskarta ta canza, ta tambayi yadda muke ciki da fari, ta yi mana addu'ar sauƙi. Sai na shiga abin da ya kawo ni. Na bayyana mata yadda gidan yake, da inda sabis ke tsayawa, da inda nake zama, da abin da ke tsakanin mutum da matar ɗansa. Na ce mata shirun da take ji ba nata ba ne, nawa ne.

Ta mayar da tabaraunta. Sa'an nan ta ce, “Na yi mata mummunar fahimta. A gaban aji na kira shi raini, a gaban aji zan janye. Amma Baba, jarrabawar baka ba zan ɗage mata ba. Aikin nan da baki ake yin sa.”

Na ce, “Da kin ɗage, da kin faɗi a idona.”

“To yaya za a yi?”

Na ce wannan aikin gida ne, ta bar mani.

Kwana na yi ina juya abin, na kuma wuni, har na tuna da wani abu da na gani ina yaro a Sabon Birni. Akwai wani tsohon malami a unguwarmu da ke karantar da matan aure da hantsi. Sukan zauna a bayan zana, shi yana gaba, suna biya karatu da ƙarfi har a ji a waje. A cikinsu akwai matan 'ya'yansa. Ba wanda ya taɓa cewa sun yi rashin kunya, domin kowace iyayenta ne suka kawo ta da goro, aka yi fatiha, aka danƙa ta. Wadda aka danƙa wa malami, muryarta a gabansa biya karatu ce. Ni kuwa ko ba ni da kome, ni malami ne.

Na aika wa mahaifinta a Isa. Dattijo ne mai fahimta, bai nemi dogon bayani ba. Ya hau babur ya zo da ƙullin goronsa. Na gayyato limamin unguwa da Alhaji da waɗanda suka saba zama a zaure, don abin ya kasance a bainar jama'a. Matar ɗana tana durƙushe a bayan ƙofa, Hajiya na kusa da ita. Mahaifinta ya ajiye goro a gabana ya ce, “Malam, ga ɗiyata na danƙa maka. Ka tsaya mata a kan karatun da take yi, ka gyara mata inda ta karkace.” Na ce na karɓa. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka raba goro. Na sanar da su cewa daga ranar, muddin ana darasi, zauren nan aji ne, wadda ke bayan ƙofa kuma ɗaliba ce. In an tashi, kowa ya koma matsayinsa.

Da jama'a suka watse na ga bai kamata a bar ƙarfe ya huce ba. Na miƙe zaune, na nemo muryar da na ajiye tun ranar da na bar makaranta.

“Ɗaliba.”

Shirun ya yi tsawo har na fara tunanin goron ya tafi a banza. Can na ji, kamar iska ta taɓa ganye, “Na'am, Malam.”

Na ce, “Na bayan aji bai ji ba.”

Hajiya ta ce daga ciki, “Ni ce ta bayan aji, kuma ban ji ba.”

Wata 'yar dariya ta kuɓuce wa yarinyar, ta danne. Sa'an nan ta sake cewa, “Na'am, Malam,” a fili. Ranar na fara sanin yadda muryarta take. Murya ce mai kauri kaɗan, mai daɗin saurare, ba ta gaggawa.

Kwanakin da suka rage muka yi su muna bita. Ni ban san ilimin lafiya ba, ban kuma yi da'awar sani ba. Abin da na sani shi ne yadda ɗalibi ke tsayawa gaban malami. Na koya mata ta ja numfashi kafin ta fara, ta faɗi amsar tukuna kafin dalili, ta tsaya in ta gama ba tare da ta shiga kame-kame ba. Hajiya ta ɗauki matsayin uwa mai gardama, kuma ta yi shi da gwanintar da ta sa na yi zargin ba kwaikwayo take yi ba. Takan ce, “Ke yarinya, ni na haifi bakwai, ke za ki gaya mani yadda ake dama kunu?” Ɗalibar ta amsa mata a hankali, ba ta ja da baya ba, ba ta kuma yi tsiwa ba. A darasin da ya biyo baya malamar ta cika alkawari, ta janye maganarta a gaban kowa. Da ta kira sunan, aka amsa mata tun kiran farko.

Ranar jarrabawa Alhaji ya zo da kansa ya zauna a kan dakali a waje. Duk wanda ya nufo zaure sai ya ɗaga masa sanda ya ce, “Ana jarrabawa, sai ka dawo.” Na ji yana faɗa wa wani cewa shi ne sufeto.

Aka yi ta kiran ɗalibai har aka zo kanta. Ta yi sallama, ta faɗi sunanta, ta fara. Ba ta yi nisa ba sai muryar malamar ta soma yankewa. “Ba na jin ki sosai,” in ji ta. “Sabis ɗinki ya yi rauni. Matsa inda ya fi.” Babu inda ya fi sai jikin tagar gabas, a cikin zauren, kusa da inda nake zaune. Na ga hannun da ke riƙe da wayar ya ƙara miƙowa iyakar tsawonsa, bai wadatar ba.

Na kafa idona a kan bango na ce, “Ɗaliba, matsa kusa da taga.”

Ta cire takalmi ta shigo. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa tsayawa a zaure ina ciki ba. Ta wuce ta gefen bango, ta fuskanci taga, ta ɗaga wayar. Sa'an nan ta ce, “Malama, kina ji na yanzu?”

“Ina jin ki. Ci gaba.”

Ta bayyana yadda ake auna damtsen yaro da ɗan tef mai launi, da yadda ake danna bayan ƙafa a ga ko yatsa ya bar gurbi. Aka tambaye ta abin da za ta ce wa uwar da babu kome a ɗakinta sai ɗan gero. Ta ce ba za ta fara da abin da uwar ba ta da shi ba. Za ta tambaye ta ko akwai ƙuliƙuli ko gyaɗa a daka a zuba a kunu, ko akwai zogale a bayan gida, ta kuma roƙe ta kada ta yaye yaron a wannan hali. Tana cikin magana sai wata ɗaliba da ta manta makirufonta a buɗe ta shiga faɗa da wani a gidansu. Matar ɗana ta tsaya. Ba ta yi tsaki ba, ba ta yi ƙoƙarin danne muryar waccan ba. Da aka rufe, ta ce, “Malama, in ci gaba?” Tambayar ƙarshe a kan wani magani ce, kuma ba ta san ta ba. Ta ce, “Wannan ban riƙe shi ba, Malama. Za ni duba in kawo amsa. In a asibiti ne kuwa, ba za ni ba da abin da ban tabbatar ba, babba za ni tambaya.”

Malamar ta ce ta ci. Ta ƙara da cewa a gaishe mata da bawanta. Ɗalibar ta yi godiya, ta rufe makirufo, ta jira har aka sallami aji. Sa'an nan ta fita da baya-baya, ta durƙusa a bayan ƙofa, ta ce ƙasa-ƙasa, “Baba, sannu da zama.” Na amsa mata kamar yadda na saba. Na yaye ɗalibai masu yawa, wasu sun zama manya a Sakkwato, amma ban tuna ranar da ƙirjina ya cika kamar wannan yammacin ba.

Ta gama kwas ɗin, aka ɗauke ta aiki kafin bazara ta yi tsanani, daidai lokacin da rumbuna suka ƙare, yara suka fara nuna alama. Wata safiya ina kan hanyar zuwa ta'aziyya, hanyar ta bi da ni ta bayan asibitin. Mata sun yi layi a inuwar bango, kowace da goyo. Ta taga na ji ana cewa, “Inna, kada ki sake jira sai ƙafa ta kumbura. Ran da kika ga ya ƙi nono, ranar za ki kawo mani shi. Kin ji ko? Maimaita mani abin da na ce.” Na tsaya, domin na gane muryar.

Wata daga cikin matan ta hango ni, ta buɗe baki za ta gaishe ni da ƙarfi kamar yadda aka saba. Na ɗaga mata hannu ta yi shiru. In aka ambaci Hedimasta a bakin tagar nan, muryar za ta sauka, uwar kuma ba za ta ji ƙarshen bayanin ba. Na tattara rigata na tsallaka ɗaya gefen, na bi ta bayan rumbunan maƙwabta, ko da yake hanyar ta fi nisa kuma rana ta fara zafi. Har na kai kwanar hanya ina jin ta tana kiran uwa ta gaba.